Sharhi: Me Ya Sa Magoya Bayan Ƙananan Ƙungiyoyin Ingila Suka Juya wa Kofinsu Baya?

A daren Talata, 30 ga Agustan 2016, mutum 392 kacal aka ƙirga a filin wasan Fleetwood Town da ke gaɓar teku a arewa maso yammacin Ingila, inda masu gida suka kara da matasan Blackburn Rovers a wasan kofi. Filin nan yakan tara mutum wajen dubu uku a ranar wasan lig. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki, matasan West Brom suka karɓi baƙuncin Gillingham a gaban mutum 274. A Portsmouth kuwa, garin da ƙwallo ta zama tamkar gadon gida, mutum 1,355 ne suka je kallon wasa da matasan Reading, kuma tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu filin Fratton Park bai taɓa bushewa haka a wasan gasa ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon wasan ƙarshe na gasar unguwa a Kano ko Zariya ya san jama'ar da ke kewaye fili da la'asar sun ninka 274 sau da yawa.

Da gangan mutanen nan suka zauna a gida. Sun yi ta kiran juna a Twitter da zaurukan magoya baya cewa kada kowa ya taka ƙafarsa filin wasa muddin a wannan kofi ne, ko da kuwa ƙungiyarsa ce ke buga wasan a bayan gidansa. Dalilinsu ɗaya ne: an shigo da ƙungiyoyin matasa na manyan kulob-kulob cikin gasar da tun asali ta ƙanana ce. Mu da muka saba kallon ƙwallon Ingila daga sama, a gidan kallo, idonmu kan Arsenal da Chelsea da Manchester United, abin zai iya yi mana kama da rigimar banza. Wane ne zai ƙi ganin yaran Chelsea sun zo garinsu? Sai mutum ya sauko ƙasa ya ga yadda ginin yake kafin ya fahimci abin da ya ɓata musu rai.

Ƙwallon ƙwararru a Ingila hawa huɗu ce, ƙungiyoyi 92. Gasar Firimiya ce a sama da ƙungiyoyi 20, sai rukunai uku a ƙarƙashinta, kowanne da 24, waɗanda hukumar EFL ke gudanarwa. Ƙasa da su akwai wasu matakan birjik har zuwa ƙungiyoyin ƙauye, kuma tsani ɗaya ne ya haɗa su duka: kowa na iya hawa, kowa na iya faɗowa. Leicester da ta ɗauki Firimiya a 2016 tana rukuni na uku a 2009. Luton Town tana rukuni na biyar a farkon 2014, ta taka Firimiya a 2023. AFC Wimbledon, wadda magoya baya suka kafa da hannunsu a 2002 bayan an kwashe musu ƙungiyarsu an kai Milton Keynes, ta fara daga mataki na tara ta iso rukuni na huɗu cikin shekara tara. Wannan tsani shi ne abin da Bature mai bin ƙaramar ƙungiya ke tinƙaho da shi, ko da ƙungiyarsa ta shekara hamsin ba ta motsa daga inda take ba.

Kofin da ake rigima a kansa na ƙungiyoyi 48 ne na rukuni na uku da na huɗu. An fara shi a kakar 1983-84, ya sha sauya suna gwargwadon kamfanin da ke ɗaukar nauyinsa: ya daɗe ana kiransa Johnstone's Paint, a 2016 ya koma Checkatrade, daga baya Papa John's, har zuwa Vertu. Ba wani babban kofi ba ne, su kansu magoya bayan sukan yi masa ba'a, kuma tun kafin rigimar wasannin zagayen farko ba sa cika fili. Darajarsa ɗaya ce, a Wembley ake buga wasan ƙarshe. Ƙungiya irin Carlisle ko Grimsby ba ta da wata hanyar kirki ta zuwa Wembley ɗaukar kofi in ba wannan ba. A 1988 Wolves da Burnley, dukansu suna rukuni na huɗu a lokacin, sun tara mutum 80,841 a wasan ƙarshe. A 2009 Luton, wadda aka zaftare wa maki 30 tun kafin a fara kaka kuma take dab da faɗowa daga rukunan ƙwararru gaba ɗaya, ta kwashi magoya baya kusan dubu arba'in zuwa Landan, ta doke Scunthorpe da ci 3-2. Kwanaki kaɗan bayan nan ta faɗi. Har yau mutanen garin na ba da labarin wannan rana.

Tushen rigimar ya girmi 2016. A watan Mayun 2014 wani kwamiti da shugaban hukumar ƙwallon Ingila na lokacin, Greg Dyke, ya kafa ya fitar da rahoto kan dalilin da ya sa tawagar ƙasar ta kasa taɓuka komai tun 1966. Rahoton ya nuna cewa a kakar 2012-13 kashi 32 cikin ɗari ne kawai na masu fara wasa a Firimiya 'yan Ingila, alhali shekara ashirin kafin nan kashi 69 ne. Ya ce yaro yakan fito daga makarantar ƙwallo yana da shekara 18 ya rasa inda zai buga wasan gaske har ya kai 21. Maganin da aka kawo shi ne a ƙirƙiri sabon rukuni tsakanin na huɗu da na biyar, a zuba ƙungiyoyi na biyu na manyan kulob guda goma tare da ƙananan ƙungiyoyi goma. Ƙasar ta ɗauki zafi. Magoya baya suka kafa ƙungiyar yaƙi da shirin mai suna Against League 3, shugabannin ƙananan kulob suka yi watsi da shi, aka ɗauka magana ta mutu.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. A watan Yunin 2016, a taron shekara-shekara da suka yi a Fotugal, ƙungiyoyin EFL suka kaɗa ƙuri'ar amincewa a gayyato ƙungiyoyin matasa 16 cikin kofin, a matsayin gwaji na kaka ɗaya. Hukumar Firimiya ta zuba fam miliyan ɗaya, kuɗin kyaututtuka ya tashi zuwa kusan fam miliyan biyu. Aka raba ƙungiyoyi 64 gida 16, kowane gida da baƙo ɗaya. Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne, makonni kaɗan kafin wannan taro shugaban gudanarwar EFL, Shaun Harvey, ya fito da wani shiri na mai da rukunai huɗu su zama biyar, ƙungiyoyi 92 su zama 100. Ina za a samo takwas ɗin cikon? Magoya baya suka haɗa biyu da biyu, suka ce biri ya yi kama da mutum. Abin da aka kora ta ƙofa a 2014 ne ya dawo ta taga, kuma kofin share fage ne kawai. EFL ta fito ta yi alkawarin ba za a sa ƙungiyoyi na biyu a lig ba, shirin rukunai biyar ɗin ma ya rushe kafin ƙarshen shekarar, amma zargin ya riga ya zauna a zukata.

Kakar farko ta zo da abubuwan dariya da takaici. Na farko, waɗanda aka yi shagalin dominsu ba su zo ba. Arsenal da Liverpool da Tottenham da Manchester United da Manchester City duk suka ƙi amsa gayyata a wannan shekara, sai da aka gangara rukuni na biyu aka ciko da irin su Blackburn da Reading da Derby. Wato an yi wa mutumin Fleetwood alkawarin yaran manya, aka kawo masa yaran maƙwabta.

Na biyu shi ne dokar zaɓen 'yan wasa, kuma nan ne abin ya fi ciwo. An wajabta wa ƙananan ƙungiyoyi su fara wasa da aƙalla biyar daga cikin manyan 'yan wasansu, in ba haka ba a ci su tarar da ta kai fam 5,000 a kowane wasa. Su kuwa baƙin, shida kawai aka ce su kasance 'yan ƙasa da shekara 21, sauran biyar ɗin su sa wanda suka ga dama. Sai ga Luton, ƙungiyar da ta yi suna wajen renon yara, ta fito da matasanta na gida, har da ɗan shekara 15, suka ci wasanni, suka tsallake zagayen rukuni. Ladan da ta samu shi ne tarar fam 15,000, tana cikin ƙungiyoyi goma sha biyu da aka hukunta a watan Nuwamba. Gasar da aka ce an sauya ta don matasan Ingila su samu wasa, ita ce ta ci tarar ƙungiya don ta sa matasan Ingila a wasa. Bambancin kawai shi ne yaran Luton ba na masu kuɗi ba ne.

Masu horarwa suka shiga yi wa dokar wayo a bainar jama'a. Bradford City ta fara wasa da Bury da babban golanta Colin Doyle don a cika ƙa'ida, minti uku da farawa aka cire shi lafiyarsa ƙalau aka sa na benci. Kocin Wycombe, Gareth Ainsworth, yana da shekara 43, ya sa riga ya shiga fili da kansa. A ɓangaren baƙin kuwa, Norwich ta lallasa Peterborough da ci 6-1, wanda ya zura uku daga ciki Tony Andreu ne, Bafaranshe mai shekara 28. A kaka ta biyu Chelsea ta sa Michy Batshuayi, ɗan wasan tawagar Beljiyam da ta saya sama da fam miliyan 30, cikin "matasanta" a wasa da MK Dons, ya ci biyu. Leicester ta je Scunthorpe da Kelechi Iheanacho a gaba, wata huɗu bayan ta saye shi kusan fam miliyan 25. Manyan kulob sun mai da kofin wurin motsa jinin 'yan benci da masu dawowa daga jinya.

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, don hujjarsu ba ta wofi ba ce. Wasan matasa da matasa bai cika koya wa yaro abin da zai tarar a gaba ba. Babu mai tsaron baya ɗan shekara 33 da zai taka shi, babu 'yan kallo masu zagi, babu wanda abincin iyalinsa ya dogara da maki ukun ranar. Masu goyon bayan tsarin sukan nuna Sifaniya. Can ƙungiya ta biyu tana buga lig tare da kowa tun da daɗewa. Pep Guardiola ya fara aikin koci ne da Barcelona B a rukuni na huɗu a 2007, ya haura da ita, ya ɗauko Sergio Busquets da Pedro ya kai su babbar ƙungiya. Zinedine Zidane ya yi nasa koyon a Castilla ta Real Madrid. Samuel Chukwueze ma ta Villarreal B ya bi a 2018 kafin duniya ta san shi. Fotugal ta buɗe wa ƙungiyoyi na biyu rukuninta na biyu a 2012, Holan ta bi a 2013, Italiya ta karɓi matasan Juventus a rukuni na uku a 2018. A Ingilar ma EFL takan lissafa waɗanda suka ratsa ta wannan kofi suka zama taurari, irin su Declan Rice da Reece James da Callum Hudson-Odoi. Ga kuma kuɗi: fam 10,000 kan kowane wasan rukuni da aka ci ba abin rainawa ba ne ga ƙungiyar da ke fama da albashin ƙarshen wata.

Sai dai masu kafa hujja da Sifaniya ba su cika ƙarasa labarin ba. A 1980 Castilla ta kai wasan ƙarshe na kofin Sarki, ta tarar da uwarta Real Madrid, aka yi wasan gida, uwa ta casa 'ya da ci 6-1. A kakar 1983-84 Castilla ta zo ta ɗaya a rukuni na biyu, ƙungiya ta biyu ta Athletic Bilbao ta zo ta biyu, kuma babu wadda ta hau cikinsu, don doka ta hana 'ya zama rukuni ɗaya da uwa. Daga baya Sifaniya ta cire su daga kofin Sarki ɗungurungum. Jamus ma haka ta yi a 2008, bayan a 1993 ƙungiya ta biyu ta Hertha Berlin ta taɓa kai wasan ƙarshe na kofin ƙasar. A 2020 Bayern ta biyu ta lashe rukuni na uku, ba ta hau ba, shekara mai zuwa kuma ta faɗi, saboda yaran da suka ci kofin an kwashe su. Porto B ta yi irin wannan zakarancin na banza a 2016, Jong Ajax a 2018. Ƙungiyar da ba a yarda ta hau ba, wadda ƙarfinta ke sauyawa daga mako zuwa mako gwargwadon buƙatar uwarta, tana ɓata lissafin kowa. Wannan Asabar ka haɗu da ita da 'yan wasa uku daga babbar ƙungiya, abokin takararka ya haɗu da ita mako mai zuwa da 'yan sakandare. Sannan ba ta zuwa da magoya baya, don haka mai masauki yakan yi asarar kuɗin ƙofa. Magoya bayan tsofaffin ƙungiyoyin Jamus sun daɗe suna wannan kuka.

Mu ma mun ɗanɗani wani abu mai kama da haka. A 2024 Beyond Limits ta Ikenne ta ci gurbin hawa babbar gasar Najeriya, amma da yake mai ita shi ne mai Remo Stars, ba ta hau ba, gurbin ya ƙare a hannun Heartland ta Owerri wadda ta faɗi a wannan kakar. Kuma wanda ke bin gasar kofin ƙalubale a matakin jihohi ya san yadda wasa yake zama idan babbar ƙungiyar jiha ta haɗu da yaranta.

Akwai kuma tambayar da ba a son yi: wa ya haddasa ƙarancin wasan da matasan ke fama da shi? A 2011 aka kawo sabon tsarin makarantun ƙwallo a Ingila, wanda ya ƙayyade diyyar da babba zai biya idan ya ɗauke yaro daga ƙaramin kulob, ya kuma sauƙaƙa wa manyan makarantu farauto yara daga ko'ina a ƙasar. Ƙananan ƙungiyoyi sun amince da shi ne bayan Firimiya ta nuna za ta riƙe tallafin renon matasa da take ba su idan suka ƙi. Sakamakon haka manya suka tara yara fiye da yadda za su iya amfani da su. Akwai lokacin da Chelsea ke da 'yan wasa sama da talatin a waje zaman aro. Yanzu kuma wanda ya kwashe yaran ya dawo yana cewa ba su da wurin wasa, a ba shi gasar waɗanda ya kwashe wa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Bayan haka, Ingila tana da nata hanyar da ta daɗe tana aiki. David Beckham ya je aro Preston a rukuni na huɗu a 1995. Harry Kane ya yi Leyton Orient da Millwall kafin Tottenham ta yarda da shi. Yaron da ya je aro yana shiga ɗakin sauya kaya na manya, ya sa rigar garin, ya ji nauyin mutanen da za su tare shi a kan titi idan ya zubar da ƙwallo. Wannan ya fi wasa uku a kaka tare da sa'o'insa a fili fayau. Jamie Vardy kuwa babu wata babbar makaranta da ta rene shi. Sheffield Wednesday ta sallame shi yana yaro, ya bi ta Stocksbridge da Halifax da ita wannan Fleetwood ɗin, kafin Leicester ta saye shi fam miliyan ɗaya a 2012. Namu Zaidu Sanusi, ɗan Jega, ta ƙaramar ƙungiyar Mirandela ya ratsa a Fotugal, ya je Santa Clara, sannan Porto. Ƙananan ƙungiyoyi da kansu masana'antar 'yan wasa ce, matuƙar an bar su da ransu.

Amma a ganina duk wannan muhawara ta renon matasa gefen magana ce. Ko da za a tabbatar cewa tsarin yana haifar da Declan Rice goma a shekara, mai goyon bayan Rochdale ba zai sauya ra'ayi ba, kuma yana da gaskiya. Shi abin da yake karewa shi ne matsayin ƙungiyarsa. Ƙungiyar nan kakansa ya bi, ubansa ya ɗora shi a wuya ya kai shi filinta, ta haura shekara ɗari tana ɗauke da sunan garin. Idan ta kara da Manchester United ta gaske a kofin FA, ko an ci ta bakwai, wasa ne tsakanin ƙungiya da ƙungiya. Idan kuwa aka haɗa ta da yaran United, an faɗa mata matsayinta ke nan: abin gwajin ƙarfi ce, kamar buhun yashin da ɗan dambe ke naushi kafin ranar gasa. In ta ci, a ce yara ta ci. In aka ci ta, abin kunya ya ninku. Mai karatu ya ɗauka a ce gobe an sa Kano Pillars wasan gasa a filin Sani Abacha da yaran Enyimba, an kuma ce in Pillars ta sa nata yaran za a ci ta tara. Ina jin ba sai an kira taron ƙauracewa ba.

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, shi ya sa fushin magoya baya ya fi sauka kan shugabannin ƙungiyoyinsu. Su ne suka ɗaga hannu a Fotugal, da yawansu ba tare da sun tuntuɓi kowa a gida ba. Kaɗan ne suka ƙi, cikinsu har da Portsmouth, wadda a lokacin magoya baya ne ke da ita. A watan Mayun 2017, bayan duk kujerun da aka gani babu kowa, aka sake ba su zaɓi uku: a ci gaba da baƙin, a koma tsohon tsari, ko a soke kofin. Kashi biyu bisa uku suka zaɓi a ci gaba, bayan an ɗaga kuɗin kyauta zuwa fam miliyan uku, an ba kowace ƙungiya fam 20,000 na shiga kawai, an kuma sassauta dokar zaɓen 'yan wasa. Ban cika ganin laifinsu ba. Wanda ke lissafin albashi da kuɗin wuta ba ya kallon abu da idon mai waƙa a bayan raga. Shekara biyu bayan wannan ƙuri'a aka kori Bury daga lig saboda bashi, ƙungiyar da ta ɗauki kofin FA sau biyu, a 2020 kuma kotu ta rufe Macclesfield. Sai dai fam miliyan ɗayan da Firimiya ta fara sayen wannan dama da shi bai kai albashin wata biyu na wasu taurarinta ba, a lokacin da kwangilar talabijin ɗinta ta cikin gida kaɗai ta haura fam biliyan biyar na shekara uku. An sayi abu mai tsada da araha saboda mai sayarwa na jin yunwa.

Ita ma ƙauracewar tana da nata rauni, sunansa Wembley. Kakar farko da aka yi ta zage-zage, wasan ƙarshe tsakanin Coventry da Oxford ya tara mutum 74,434. A 2019 Portsmouth, wadda filinta ya bushe a 2016, ta haɗu da Sunderland a gaban mutum 85,021, adadin da kofin bai taɓa gani ba, ta kuma ɗauka a bugun fenariti. EFL ta riƙa ɗaga waɗannan alƙaluma tana cewa ga shaida gasar na da rai. Cikin magoya baya aka yi ta cacar baki. Wasu suka ce wanda ya ƙaurace a Agusta ya je Wembley a Afrilu ya sayar da gwagwarmayar. Akwai waɗanda suka cije suka zauna a gida ranar da ƙungiyarsu ke ɗaga kofi, wasunsu ba su taɓa ganin ta a Wembley ba, wataƙila kuma ba za su sake samun dama ba. Wasu kuwa suka ce ba za su hana ɗansu ɗan shekara takwas wannan rana ba saboda laifin Shaun Harvey. Ni dai ba zan iya jifan ko ɗaya daga cikinsu ba. Akwai ma masu tsaka-tsaki, masu zuwa idan wasa da ƙungiya ta gaske ne, su ƙi zuwa idan da matasa ne. Abin da ya rufa wa kowa asiri shi ne har zuwa wasan ƙarshe na 2025 babu ƙungiyar matasa da ta taɓa kaiwa Wembley. Wadda ta fi matsowa ita ce Chelsea a 2018, Lincoln City ta fitar da ita a wasan kusa da na ƙarshe da bugun fenariti, a daren da kusan duk mai bin ƙaramar ƙungiya a Ingila ya zama ɗan Lincoln.

To, ƙauracewar ta yi nasara ko ta faɗi? In kofin ake nufi, ta faɗi. Gwajin kaka ɗaya ya zama zaunannen tsari, manyan da suka ƙi zuwa da farko duk sun shigo daga baya, zafin ya ragu, ko da yake wasannin rukuni na nan babu jama'a. A Nuwamban 2018 mutum 202 suka kalli Burton da matasan Middlesbrough. In kuwa lig ake nufi, wanda shi ne ainihin abin da ake tsoro, har yau babu ƙungiya ta biyu ko ɗaya a rukunan ƙwararru na Ingila, kuma ban yarda cewa alherin manya ne ya hana ba. Sha'awar tana nan. A Oktoban 2020, ana tsakiyar annobar korona ƙananan ƙungiyoyi na neman agaji, shugaban gudanarwar Manchester City, Ferran Soriano, ya fito ya ce lokaci ya yi da za a sake duba batun ƙungiyoyi na biyu. Duk shugaban ƙaramin kulob da za a kawo wa wannan tayi yanzu ya riga ya ga hoton filinsa babu kowa, ya san abin da zai biyo baya idan wasannin lig ne, inda kuɗin ƙofa ke riƙe da ƙungiya. A Sukotlan, inda Celtic da Rangers suka sayi wa matasansu gurbi a rukuni na biyar a 2021, an yi yunƙurin ƙirƙiro sabon rukuni dominsu a 2023, adawar magoya baya da ƙananan ƙungiyoyi ta sa aka janye shi kafin a kai ga ƙuri'a.

Sai dai masu kuɗi ba sa gajiya, wuri kawai suke sauyawa. A 2024, shekarar da aka soke maimaita wasan canjaras a kofin FA, wanda ya kasance babbar hanyar samun kuɗi ga ƙanana, Firimiya ta gangara mataki na biyar ta ɗauki nauyin wani sabon kofi: ƙungiyoyi 16 na wannan rukuni da ƙungiyoyin matasa 16, da fam miliyan ɗaya a kan tebur. Wasu kulob suka ƙi shiga, magoya baya suka sake kiran a ƙaurace, filaye suka sake bushewa. A watan Afrilun 2025 aka buga wasan ƙarshe na farko, matasan Leeds United suka doke Sutton United da ci 2-1 suka ɗauki kofin.